Tashin tsohon injin yankan itace: kafin ka sayi fistin, nemi abin da ya kashe na farko

Tsofaffin injinan yankan itace da ake kawowa gyara a Sakkwato, yawanci labarinsu ɗaya ne. Ana cikin yankan dogon yaro ko gawo sai inji ya ɗau zafi ya mutu, daga nan igiyar tayarwa ta daina tauri. An sa masa sabon fistin da ringi, bai yi mako biyu ba ya sake kwantawa, sai a ɗora laifi kan kayan China. Wani lokaci laifinsu ne. Amma galibi abin da ya cinye fistin na farko yana nan cikin injin, ba wanda ya neme shi.

Wannan inji ɗan'uwan ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa fetur da mai. Ba shi da tukunyar man shafa inji. Man da ke cikin fetur shi ke shafa fistin da boris da karanshaf. Don haka duk abin da ya rage fetur ko ya ƙara iska, ya rage mai kuma ya ƙara zafi.

Kada ka fara da kwancewa. Riƙe hannun igiya ka saki injin. Mai lafiya yakan rataye, ko ya sauka yana tsayawa. Wanda ya zube ƙasa kai tsaye, kwamfireshan ɗinsa, wato ƙarfin matsa iska da fistin ke yi, ya tafi. Idan akwai agogon awo, psi 130 zuwa 150 lafiya ne, ƙasa da 100 kuwa da ƙyar zai tashi. Sannan ka cire salansa ka haska fistin da fitilar waya, kana jan igiya a hankali.

Fistin yakan faɗi abin da ya same shi. Idan ɓangaren salansa ne ya kakkarce, alminiyam ya narke ya danne ringi cikin gurbinsa, zafi ne, daga ƙarancin mai ko iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan ɓangaren kafireta ne ya sille ya dushe kamar an goga masa yashi, ƙura ce, kuma wannan ciwon namu ne na nan: lokacin hunturu hazo kan toshe matatar iska, sai mai inji ya cire ta ko ya huda ta don injin ya numfasa. Idan kuma rami ɗaya ne mai zurfi, ko saman fistin ya yi tabo-tabo kamar an sassare shi, kilif ne, wato 'yar wayar da ke tare fil ɗin fistin, ya fice ko boris ya fashe.

Gwajin iska ana yin sa ne tun inji yana haɗe. A yanko robar tsohon tif na babur a toshe bakin salansa da bakin kafireta, a bar fulogi a ɗaure, a hura iska da famfon hannu ta tiyon da ke fitowa daga cikin injin har agogon famfon ya nuna awon bar 0.5. Allurar agogo ta tsaya cak na kamar rabin minti. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a sil biyu na karanshaf, wato robobin da ke hana iska bi ta gefensa, da gindin bulok, da robar da ta haɗa kafireta da bulok, wurin da ya yi kumfa shi ne. Sai a juya famfon a zuƙe iska, domin tsohon sil yakan riƙe hurawa amma ya saki a zuƙa. Wanda ba shi da famfo ya lura da sulo: injin da ke hawa da kansa, ko muryarsa ta canza idan aka kwantar da shi a gefe, yana shan iska.

A wanke jikinsa da kananzir kafin a buɗe. Kulocin yawancin injinan nan zarensa na hagu ne, ta dama ake kwance shi, kuma an sha karya karanshaf saboda rashin sanin haka. Don tsayar da fistin, a zura igiya mai tsabta ta ramin fulogi bayan fistin ya rufe ƙofar hayaƙi, in ba haka ba zai datse igiyar. A cusa tsumma ƙarƙashin fistin kafin a taɓa kilif.

Bulok ɗin nan ba irin na babur ba ne da ake kai wa a faɗaɗa. Alminiyam ne da aka yi wa siririn shafe mai tauri a ciki, idan shafen ya tafi, shi ke nan. Sai dai sau da yawa abin da ake gani kamar karce, alminiyam ɗin fistin ne ya manne a kai. A goge shi da samfefa mai lamba 320 ko 400 da ɗan kananzir, da yatsa, ana zagayawa. Bayan ya fita a bi da farce. In farce ya maƙale a rami sama da ƙofar hayaƙi, ko shafen ya ɓare, a nemi wani. In bai maƙale ba, a riƙe shi. A ganina tsohon bulok na asali da aka goge ya fi sabo mai arha nesa ba kusa ba.

Wajen sayen kaya a tafi da tsohon fistin a hannu. Stihl 070 faɗin fistinsa milimita 58 ne, MS 381 na da 52, Husqvarna 272 ma 52, amma ɗaya ba ya shiga ɗaya. Ƙananan na China masu lamba 5200 kuwa 45 ne. A saka sabon ringi shi kaɗai cikin bulok, a daidaita shi da fistin, a duba tazarar bakinsa: tsakanin milimita 0.2 da 0.4. Kwanrod ya yi wasa gefe da gefe ba komai, amma in yana motsi sama da ƙasa ko kaɗan, sai an raba injin biyu. Boris ɗin karanshaf a nemi mai alamar C3, shi aka yi wa sararin jure zafi. Sil kuwa a canza duka biyu ko da ɗaya ne ya yi kumfa.

Kibiyar da ke saman fistin salansa take kallo. Kilif sababbi ake sawa, bakinsu sama ko ƙasa, kada ya kalli gefe, kuma a tabbata sun zauna cikin gurbi. Bakin kowane ringi ya faɗa kan ɗan ƙarfen da ke cikin gurbinsa. A shafa man haɗi, a sauke bulok a miƙe ba tare da murɗawa ba, don murɗawa ke karya ringi a bakin ƙofa. A ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan-kaɗan. Silikon na kasuwa ba ya maye gurbin gasket, fetur ke cinye shi. Mai son tabbaci ya zura wayar dalma ta ramin fulogi har gefen bulok, ya juya injin, ya auna inda ta matsu: kada kaurin wurin ya gaza milimita 0.5.

Zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 ba ya barin roba. Tiyon fetur, matatar cikin tanki, tiyon da ke buga famfon kafireta, duk a canza. Fatun cikin kafireta ma, in sun bushe suna ƙara kamar takarda, a sa sababbi. A ɓangaren famfo fata ce ke fara kwanciya a jikin kafireta sannan gasket, a ɗaya ɓangaren kuma gasket ne farko. Juya wannan tsari ya hana injina da yawa tashi. Kada a tsokale ramukan kafireta da waya. Tazarar fulogi milimita 0.5 ce, tsakanin kwayil da maganaɗisu kuma kamar 0.3, kaurin katin ɗaurin aure mara nauyi.

Saitin farko, a mayar da sukurorin kafireta na H (fetur ɗin cikakken gudu) da L (fetur ɗin sulo) ciki a hankali har su taɓa, a dawo da kowanne zagaye ɗaya. A rage sulo har sarƙa ta tsaya. A cikakken totur ba tare da itace ba, ana so a ji muryar tana ɗan gurnani, ta washe idan sarƙa ta shiga itace. Wannan siririyar kururuwa da wasu ke jin daɗi, suna cewa inji ya buɗe, ita ce ke narka fistin.

Haɗin mai a jarka ake yin sa, a girgiza, ba cikin tanki ba. Man 2T mai kyau a 50:1 mililita 20 ne a lita ɗaya. Injinan da aka rubuta wa 25:1 mililita 40 suke so. Baƙin man mota ba ya wannan aiki, kuma fetur na bakin hanya da ke warin kananzir a bar shi. Tankuna uku na farko a yanka ƙananan rassa, kada a danne totur a banza, kirya da kututturen maɗaci su jira. Sarƙar ta kasance da kaifi, tana fid da ɓarɓashi, ba gari ba. Bayan tanki na uku a bar inji ya huce, a sake ɗaure kusoshin bulok da na salansa, a fid da fulogi. Launin ƙasa-ƙasa ake nema. In ya yi fari kamar toka, a ƙara buɗe H kwata zagaye, a sake gwajin iska kafin a koma daji.