Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren Spex a Uppsala

A makon jiya na tsaya a inda na sauka birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, domin ci gaba da karatu a jami'ar da aka kafa tun 1477. Bayan wata biyu, wani abokin karatuna ya tambaye ni ko zan je ganin spex ranar Asabar. Abin da na sani daga zaman da na yi a Ingila shi ne da wannan suna ake kiran tabarau a hirar yau da kullum, saboda haka na amsa masa cewa idona lafiya lau yake. Sai ya bayyana mini cewa a wurinsu spex wasan kwaikwayo ne na ɗalibai, kuma kalmomin biyu sun fito ne daga tushe ɗaya na harshen Latin mai nufin kallo.

A wannan birni al'adar ta samo asali a tsakiyar ƙarni na 19, ta bazu zuwa Lund da sauran garuruwan jami'a. Ana ɗauko mutanen tarihi, sarakuna da jarumai, a haɗa su a labarin barkwanci mai waƙe-waƙe, kuma a da maza ne kaɗai ke hawa dandamali, har su ne ke fitowa a matsayin mata.

Yaren da nake ji a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma abin da ya kama zuciyata bai bukaci fassara ba. Wani ɗan wasa ya gama magana, sai 'yan kallo suka ɗaga murya suna cewa “omstart”, wato a sake, nan take ya maimaita maganar da sabon salo ba tare da shiri ba. Wani ya nemi a yi ta daga ƙarshe zuwa farko, aka kuwa yi. Na tuna tashen da muke yi a Kano cikin watan azumi, inda yara kan kwaikwayi manya, masu gida kuma su tanka musu, wasan ya zama na kowa.

Kafin a tashi, ni ma na ɗaga murya na ce a sake, kuma daren ne na farko da ban ji kaina baƙo a garin ba. A hanyar komawa abokina ya ce ƙungiyarsu tana neman mai taimaka musu da ɗinkin kayan wasa, ni kuwa a shagon tela na girma. Yadda na karɓi aikin zai zo a mako mai zuwa, in Allah ya yarda.