Wuƙar da ta ƙi buɗuwa ranar rabon nama

A gidanmu ni ne mai rabo. Duk Babbar Sallah, da an gama fiɗa, ni ake ɗora wa kason nama da ƙullin shinkafa da turamen atamfar da yayyenmu suka aiko, in bi dangi gida-gida daga Tudun Wada har cikin birnin Zariya. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san rabinsa yanke-yanke ne: ɗinkin buhu, salatif ɗin kwali, ƙullin ledar da ya ƙi kwancewa, wani lokaci a ce a tsaga kaso biyu don an yi baƙi. Da reza nake fama, ga yara sun kewaye ni. Shi ya sa kafin sallar 2024 na ƙudura sai na mallaki wuƙar aljihu ta kirki.

Wani abokina da ke karatu a Faransa ya ce zai taho mini da Opinel lamba 8. Tsohuwar wuƙa ce mai suna, tun 1890 Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin tsaunukan Savoie na Faransa. Ƙotarta ta katako ce, tsawon ƙarfenta santimita 8.5, sannan akwai zobe a wuyanta da ake murzawa ya kulle ta, wanda aka ƙara a 1955. Ya tambaye ni wacce nake so, mai rubutun Carbone ko mai Inox, wato ƙarfen da ba ya tsatsa da wuri. Duk inda na duba a intanet bakinsu ɗaya: Carbone ta fi kaifi, ta fi sauƙin wasawa. Wannan kam ba su yi ƙarya ba, ranar da ta iso gashin hannuna na aske da ita. Amma a cikin waɗanda na karanta babu wanda ya yi maganar damina, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sallar ta faɗo tsakiyar Yuni, ruwa ya sauka, ko tufafin da ke rataye a ɗaki danshi suke yi. Ranar sallah na yi ta datsa nama da ita, da yamma na wanke ta a famfo, na naɗe, na jefa aljihu. Washegari muna zauren Kawu, ga kwali an ɗaure shi tamau da igiyar roba, ga dattawa sun zauna ana gaisawa. Na ciro wuƙa, na sa farce zan buɗe, ta ƙi. Na sake ja da ƙarfi, farcen ya karye har ya taɓa nama. Kawu ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, bar ta haka kada ka ji wa kanka. Kai, shiga ciki ka karɓo wuƙa wurin Goggonku.” Da tsohuwar wuƙar yankan albasa aka buɗe kwalin.

Da daddare sai da filaya na ciro ƙarfen. Katakon ya sha ruwa ya kumbura ya matse shi, ƙarfen kuma ya yi ɗigo-ɗigon jar tsatsa, sauran ya yi baƙi-baƙi. Kwana ɗaya tak, ga kuɗin da na kashe.

Mahaucin da ke mana fiɗa na kai wa ita. Ya jujjuya ta ya ce, “Alhaji, ai irin ƙarfen wuƙaƙenmu ne na maƙera. Ka taɓa ganin na mayar da tawa kube da jini ko ruwa a jikinta?” Ya nuna mini cewa baƙin ba tsatsa ba ne, nama da jini ke jawo shi, har ma yana kare ƙarfen. Jan shi ne ɓarna. Tasu wuƙar miƙaƙƙiya ce, tsumma ɗaya ya share ta. Tawa kuwa tana da rami a cikin ƙota inda ruwa ke maƙalewa, babu tsumman da zai kai can. Daga baya na gano masu ita a Faransa sun san wannan hali nata tun da daɗewa, har suna da dabara: a buga gindin ƙotar a kan tebur, bakin ƙarfen ya ɗan leƙo a kama. Da wani ya faɗi wannan tun farko, da ban tsaya a gaban dattawa ina kokawa da wuƙa ba.

Da sallar 2025 ta zagayo, ita ma cikin Yuni, Victorinox na ɗauka, jar nan ta Suwizalan, samfurin Super Tinker. Na zaɓe ta ne don a gurbin murɗaɗɗen ƙarfen buɗe kwalbar giya, wanda ba shi da amfani a wurina, an sa mata sukudireba. Ƙarfenta ba ya tsatsa da wuri, ƙotarta ba ta shan ruwa. Abin da ya ba ni mamaki, ɗan almakashin da ke jikinta shi ya yi kusan duk aikin: zaren buhu, leda, salatif, har zaren da ya saki a sabuwar rigar wani yaro. Kuma hankalina ya fi kwanciya da almakashi in yara sun cunkuso suna jiran barka da sallah. Ba ta kullewa dai, don haka ba a soka ta a abu mai tauri, tana iya naɗowa kan yatsa.

Akwai kuma maganar hanya. Lokacin sallah jami'an tsaro na sa ido kan masu yawo da makami saboda 'yan daba, kuma ƙaramar wuƙa mai almakashi ta fi sauƙin bayani a kan doguwa mai makulli. Yankan layya kuwa kada ma a kusance shi da ko ɗaya cikinsu, wannan aikin doguwar wuƙa ce wasasshiya, don kada a wahalar da dabba.

Opinel ɗin tana nan, na kankare tsatsar, na shafa mata man gyaɗa, da hunturu kuma buɗuwa take yi sumul. Wanda ya nace sai ita, ya ɗauki mai Inox, amma ya sani ƙotar dai katako ce, ita ma za ta kumbura. Kada ya kai ta bakin famfo. Ya goge ta da tsumma, ya bar ta a buɗe ta sha iska kafin ta koma aljihu.