Abin da gilashin VR ya koya mini a kan injin juya katako

Ni kafinta ne, aikina ƙafafun gado da na tebur, kuma na daɗe ina tsayawa gaban injin juya katako kafin a gayyace mu horo da gilashin VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido ta nuna maka wuri kamar kana cikinsa, a wata cibiyar koyon sana'a. Abin da ya kai ni shi ne yaran shagona. Yaro sabon shiga ba ka iya nuna masa yadda katako ke tsinkewa daga inji ya doki fuska, sai dai ka faɗa masa da baki, shi kuma ya gyaɗa kai kawai.

Gilashin da aka ɗaura mana Meta Quest 2 ne, wanda ya fito a 2020, da 'yan sanduna biyu da ake riƙewa a hannu. Kana sa shi sai ɗakin ya ɓace, ga ka a shago gaban inji, ga cizal jere a bango. Manhajar ba ta barin ka taɓa makunni sai ka bi tsari: ka duba katakon ko akwai tsaga ko ƙusa, ka ɗaure shi tsakanin ƙarafan da ke riƙe shi, ka matso da madogarin cizal kusa da shi, ratar kamar milimita 3, ka cire makullin ɗauri, ka juya katakon da hannu zagaye guda don ka tabbatar ba ya gogar komai, ka sauke garkuwar fuska. Ka tsallake ɗaya, komai ya tsaya cak.

Wurin da ya fi burge ni shi ne inda malamin ya ce mu yi ɓarna da gangan. "Maigida, ɗora wannan ƙaton guntun, ka murɗa gudun har ƙarshe, ka tsaya saitinsa," in ji shi. Na ɗora mai faɗin inci 12, na kai shi juyi 1,500 a minti ɗaya. Injin ya fara rawa, katakon ya tsage, rabinsa ya taho mini. Na san ƙarya ce, amma sai da na duƙa har gwiwata ta bugi benci. Daga baya muka yi lissafi a allo: a wannan gudun, gefen katakon na tafiya fiye da kilomita 80 a awa. Sai ya ba mu ƙa'idar da wani malamin sana'ar a Amurka, Dale Nish, ya yaɗa: ka ninka faɗin katako a inci da yawan juyi, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Wato mai inci 12 bai kamata ya wuce juyi 750 ba, kuma in bai riga ya zama kewayayye ba, a fara ƙasa da haka. Ni da ido da kunne nake auna wannan tun ina yaro, ban taɓa jin an sa masa lamba ba.

An kuma nuna mana jan layi a ƙasa, saitin da katako zai bi in ya ƙwace. Lokacin kunna inji a gefe ake tsayawa. Wannan darasin, a ganina, shi kaɗai ya isa kuɗin na'urar.

Amma hannu bai koyi komai ba. Sandar da ke hannunka tana ɗan karkarwa idan cizal ta taɓa katako, shi ke nan. Ba nauyi, ba turjiya. A zahiri maɗaci da malaina ba ɗaya ba ne a bakin cizal, balle ƙirya mai taurin tsiya. Yadda ake kwantar da cizal a madogari, a fara goga bayan bakinta a jikin katako, sannan a ɗaga ƙota a hankali har ta fara yanka, wannan sai a kan injin gaske. Kuma a manhajar cizal kullum a wase take, alhali dakusasshiyar cizal ce ke sa yaro ya danna da ƙarfi har katako ya cafke ta.

Akwai wani giɓin da ya fi damuna. Gilashin ba ya ganin tufafinka. Wani abokin horonmu ya ci maki cikakke sanye da kaftani mai faɗin hannu, ga carbi a wuyan hannunsa. Da injin gaske ne, hannun rigar nan kaɗai ya isa. A 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta rasu bayan gashinta ya naɗe a irin wannan inji, amma na juya ƙarfe. Shi ya sa safar hannu ma haramun ce a nan, haka naɗa tsumma a yatsa wajen shafa mai. Ƙura kuwa babu ita sam a cikin gilashin, ba ka shaƙa ba ka tari, alhali tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Ga kuma jiri. Wasu cikinmu ba su iya wuce minti ashirin ba, kuma zufa na rufe gilashin a lokacin zafi. Batirin ma awa biyu ne da 'yan kai.

Injin shagona ƙirar masu walda ne, ba shi da mamurɗin gudu, sai an kashe an sauya bel daga wannan fuli zuwa wancan. Don haka na zana jan layin nan da fenti a siminti, na rubuta faɗin katakon da ya dace da kowane fuli na manna a jikin injin, na kafa ƙusa a bakin ƙofa inda kowa ke rataye riga da agogo. Sabon yaro kuma sai ya iya jero matakan nan shida da inji a kashe kafin in miƙa masa cizal.