Wasiƙa daga Sheffield: Daren da tsofaffin 'yan rawa suka sake haɗuwa

Assalamu alaikum jama'ar gida,

Ina gaishe ku daga Sheffield a arewacin Ingila, inda sanyi ya fara shigowa, duhu kuma yake rufe gari tun da sauran yamma. Da fatan kowa yana lafiya, da iyali, da harkoki.

Na san wasunku da sun ga kan wasiƙar nan za su ce, "Malam, da girmanka me ya kai ka gidan rawa?" Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Ku dai ba ni aron hankalinku in faro daga tushe.

Na zo garin nan karatu a 1997. Abin da ake turo mini daga gida bai isa haya da abinci ba, sai na samu aikin dare a wani gidan rawa, ranakun Juma'a da Asabar, a ɗakin ajiye riguna. Mutum ya miƙo rigar sanyinsa, in rataye, in ba shi 'yar takarda mai lamba. Daga goma na dare har shida na safe. Bango ɗaya ne tsakanina da filin rawar, kuma ƙarar takan sa ƙarafan da muke rataye riguna su yi ta karkarwa. A makonnin farko ji nake kamar an shimfiɗa mini tabarma a gindin injin niƙa. Dum, dum, dum, babu baiti, babu amshi, babu wanda ake wa kirari. Na rasa abin da ke sa dubban mutane su tsaya layi cikin ruwan sama don su biya kuɗi su ji wannan.

Abokin aikina wani Bature ne ɗan garin. Mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar ƙarfe har aka sallame su a shekarun 1980, lokacin da masana'antun Sheffield suka yi ta rufewa. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, sai na sa masa Dogo, sunan kuwa ya bi shi. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare, babu mai karɓa babu mai kawowa, ya ga na toshe kunne da auduga. Ya ce, "Abokina, cire. Ƙirga bugun nan har 32, ka gaya mini abin da ya canza." Na ƙirga. A bugu na 33 sai wata 'yar ƙara siririya ta shigo, kamar an kaɗa cokali a bakin kofi. Muka sake ƙirgawa, sai wani amo mai kauri ya kutso daga ƙasa. Muka sake, sai aka janye wani abu da ban ma san yana wurin ba sai da ya tafi. Daga daren nan ban sake sa auduga ba.

Sirrin kiɗan ke nan. Wanda suke kira furogiresif haus, wato reshen kiɗan rawa da ake kira haus mai tafiya gaba sannu a hankali, ba ya gaggawa. Yana tafiya da bugu wajen 125 zuwa 130 a minti ɗaya, faifai guda yakan kai minti takwas ko goma, kuma ana ɗora sautuka ne ɗaya bisa ɗaya kamar mai jera tubali. Ɗan'uwansa tirans ya fi shi sauri, wajen 135 zuwa 140, ya kuma fi shi taɓa zuciya: ana cikin tafiya sai a ɗauke ganga gaba ɗaya, a bar sauti mai taushi yana shawagi, jama'a su tsaya cak hannuwa a sama, har sai gangar ta dawo. Gwanintar DJ kuwa ita ce ya haɗa faifai biyu ba tare da ka ji gaɓar ba. Garmaho biyu ne a gabansa, yawanci ƙirar Technics, kowanne da maɓallin ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin 100. Kunne ɗaya yana sauraren abin da jama'a ke ji, ɗayan yana sauraren faifan da zai shigo, yana ɗan taɓa gefensa da yatsa har bugun biyu su hau kan juna. Wanda ya taɓa ganin makaɗan kalangu biyu sun daidaita hannu ba tare da sun kalli juna ba, ya san irin natsuwar da nake nufi.

Abin da ya ƙara jawo ni shi ne da Dogo ya gaya mini asalin abin. Baƙaƙen fata ne suka haife shi a Amurka. A Shikago akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse da aka buɗe a 1977, inda Frankie Knuckles yake juya faifai, kuma daga sunan gidan ne ake cewa kiɗan haus ya samo nasa sunan. Daga can ya haye teku. Jamusawa, musamman a Frankfurt da Berlin, suka fitar da tirans a farkon shekarun 1990. DJ Paul van Dyk, wanda mutanen Sheffield suke ji da shi kamar ɗan gida, a Berlin ta Gabas ya tashi, yana kama gidajen rediyon Yamma kafin katangar ta faɗi a 1989. Ingila kuma ta ba da nata salon. A 1992 aka buɗe gidan rawa na Renaissance a Mansfield, garin masu haƙar kwal da ba shi da nisa da nan, aka ƙawata wurin da ginshiƙai da zane-zane irin na tsofaffin fadojin Italiya, kuma a nan ne masu juya faifai Sasha da John Digweed suka yi suna. A shekarar ce aka fara daren rawa mai suna Cream a Liverpool.

Har gwamnati ta sa hannu a tarihin, ba da niyya ba. A Mayun 1992 dubban matasa suka mamaye wani fili a Castlemorton suka kwashe kusan mako suna rawa. Abin ya tayar da ƙura, sai a 1994 majalisa ta yi doka da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro a fili, har dokar ta siffanta kiɗan da cewa mai bugu ne da ke maimaita kansa. Da aka rufe daji, sai jama'a suka koma cikin gine-gine masu lasisi, gidajen rawa suka kumbura suka zama manyan kamfanoni. A nan Sheffield gidan rawa na Gatecrasher ne sarki. Na sha wucewa ta gaban layinsa, in ga samari da 'yan mata da gashi a miƙe kamar ƙaya, an rina shi kala-kala, da tufafi masu ƙyalli.

Yau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da za ka shiga. Na Gatecrasher gobara ta cinye shi a Yunin 2007, yanzu gidajen kwanan ɗalibai ne a wurin. Nation, gidan da ake yin Cream, an rushe shi a 2016. Haçienda, wani gidan rawa a Manchester, ta rufe tun 1997, aka gina gidajen zama a gurbinta.

To, watan jiya sai ga saƙon Dogo. Rabona da shi ya fi shekara goma. Ya ce tsofaffin ma'aikata da 'yan rawa na wancan zamani sun shirya daren haɗuwa, ba za a sa komai ba sai faya-fayan shekarun 1990, kuma ya riga ya saya mini tikiti. Ya ƙara da cewa an yi masa aikin zuciya bara, yana son ya gan ni. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta fitar da ni daga gida. Na yi sallar isha'i, na gaya wa uwargida inda za ni da dalilin zuwan, na tafi.

Wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne a unguwar masana'antu. An fara da wuri, za a tashi sha biyun dare, saboda yawancin mahalarta sun haura 45, da yawa sun ba 50 baya, wasu sun bar jikoki a gida. A bakin ƙofa akwai kwano cike da abin toshe kunne, kowa yana ɗiba, domin da yawansu kunnensu ya riga ya taɓu tun wancan lokaci. Abu na farko da na lura da shi shi ne iskar wurin. A zamaninmu hayaƙin taba yakan cika ɗaki har rigunan da nake ratayewa su yi ta wari. Tun da aka hana shan taba a irin waɗannan wurare a Yulin 2007, wannan ya kau. Na hangi Dogo tun daga nesa, ya rame, kansa ya yi fari fat. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba.

Na samu wuri kusa da DJ don in ga hannunsa. Dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci, da akwatuna biyu na faya-fayai waɗanda kwalayensu suka tsufa, gefensu ya cinye. Yakan zaro faifai, ya ɗaga shi wajen fitila ya duba, ya goge da hannun rigarsa, ya ɗora allura. Sa'a guda cur bai ba su abin da suka zo nema ba. Yana ta jan su a hankali, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kuma babu wanda ya ƙosa. Wannan ya burge ni ƙwarai. A zamanin da yaro ba ya iya kallon bidiyo na daƙiƙa 30 bai ture shi da yatsa ba, ga ɗaruruwan mutane sun miƙa wa mutum ɗaya ragamar darensu, sun yarda ya kai su inda zai kai su a lokacin da ya ga dama. Can allura ta yi tsalle a kan wani tsohon faifai, kiɗan ya yi tuntuɓe. Maimakon tsaki sai ɗakin ya ɗauki tafi da sowa, shi kuma ya ɗaga hannu ya mayar da allurar.

Wajen sha ɗaya saura ya saki wani faifan tirans da kowa ya sani. Da aka zo inda ganga take ɗaukewa, sai majigin da ke bayansa ya fara nuna hotuna. Tsofaffin hotuna ne na samari da 'yan mata, gumi a fuska, suna dariya. Na ɗauka ado ne kawai, sai Dogo ya matso kunnena ya ce waɗanda suka rasu ne. Kusa da ni wata mata mai kimanin shekara 50 ta rufe baki da tafin hannu, ɗaya hannun yana sama, hawaye na zuba. Wata da ban ga alamar ta san ta ba ta dafa kafaɗarta. A cikin hotunan na gane fuska guda: wani mai gadin ƙofa da yakan kawo mini shayi da asuba in ya ga sanyi ya kama ni. Ban san ya mutu ba sai a daren nan. Gangar ta dawo, ɗakin ya girgiza, ni kuwa ina tsaye ban motsa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce wancan zamani tsaf yake ba. Akwai giya, akwai kuma ƙwayar da ake kira ekstasi, wadda ta yi yawo sosai a gidajen rawa na lokacin. Da idona na ga an fitar da yaro a sume, jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, rigarsa kuma ta kwana a wurina babu mai karɓa. Dogo da kansa ya ce wasu daga cikin na majigin nan abin da suka sha ne ya rage musu kwana. Ba na sha'awar wannan ga ɗana, ba na sha'awarsa ga ɗan kowa, kuma wanda ya ce duk harkar ba tasa ba ce, na fahimce shi sarai.

Sai dai abin da na gani a daren nan ya wuce shaye-shaye. Mutanen nan 'ya'yan garuruwan da aka rufe wa masana'antu da ramukan kwal ne. Sun tashi sun tarar iyayensu ba aiki, ƙungiyoyin da suka haɗa kakanninsu sun watse, yawancinsu ba masu zuwa coci ba ne. Mu a gida muna da suna da biki da zaman makoki, muna da majalisar ƙofar gida inda in ba a gan ka kwana biyu ba za a aiko a duba. Su a filin rawa suka samu irin wannan, a nan suka yi abokai, a nan wasu suka haɗu da matan da suka aura. Da gine-ginen suka tafi, faya-fayan nan ne kaɗai wurin da ya rage musu da za su koma su tarar da juna, su kuma ƙirga waɗanda babu. Na yi shekaru ina rataye rigunansu ban fahimci haka ba.

Da aka kunna fitilu na rage wa Dogo hanya a motata. Kunnuwanmu suna ta ƙugi, ba mu yi magana sosai ba. Da muka isa ƙofar gidansa sai ya tambaye ni ko har yanzu ina da kasakasan da ya naɗa mini. A wancan lokaci yakan zauna cikin dare ya naɗi shirin Essential Mix na gidan rediyon BBC, wanda Pete Tong yake gabatarwa tun 1993, ya kawo mini in saurara a ɗakina ina karatu. Nasa duk sun ɓace a wani tashi da suka yi. Na ce masa nawa suna gida, na kai su tun zuwana hutu na farko.

Saboda haka, Auta, in wasiƙar nan ta iso gare ka, don Allah ka shiga ɗakin Hajiya ka duba ƙarƙashin gado, cikin baƙar akwatin ƙarfen nan da littattafaina suke ciki. Akwai kaset guda shida masu minti 90, da rubutun Turanci da jan biro a jikinsu. Kada ka sa su a rediyo, zaren ya tsufa, zai iya tsinkewa. Ka naɗe su a leda ka ajiye, akwai mai tahowa nan bayan sallah, zan turo maka lambarsa.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Sheffield