Batir ɗin da na saya a Nkawkaw

Bayan sallar asuba na bar Nima ta Accra cikin tsohuwar Opel ɗina, zan je Kumasi sunan jikan Kawu a Aboabo. Tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka. A Nsawam na tsaya na sayi burodi na tsaraba, lafiya lau motar ta tashi.

Bayan Suhum ne na lura hon ya dishe kamar zakara mai mura. A Nkawkaw na kashe ta don in yi azahar, da na dawo na murɗa makulli sai "ƙas, ƙas". Wani saurayi ya leƙa ƙarƙashin bonet, bai taɓa komai ba, ya ce batir ya mutu. Na ƙirga sidi na sayi sabo ina ta murna. Ta tashi da kyar, na ce wahalar tsufa ce.

Kafin Ejisu fitilu sun koma ja kamar aci-balbal. Yaran unguwa ne suka turo ni ƙofar gidan Kawu.

Washegari ya kai ni Suame Magazine. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba: gari ne guda na injuna, ƙafarka cikin baƙin mai, kunnenka cikin ƙarar guduma. Mai wayarin ɗin da muka je wurinsa dattijo ne ɗan zango, da 'yar mitar auna wuta a aljihun riga.

"Masta, altaneta ce ta ƙone," na ce masa, wato na'urar da ke yi wa batir caji.

"Ɗana, wa ya auna maka?"

Na yi shiru. Aka tura mota ta tashi, ya ɗora mita a kan batir: bolt 12 da ɗan kai. Ya ce in dai caji na shiga, tsakanin 13.5 da 14.5 ya kamata a gani. Na fara lissafin kuɗin altaneta. Shi kuwa ya mai da mitar jikin altanetar kanta, sai ga 14. Ashe tana ba da wuta, hanya ce ta yanke.

Ya ce in taɓa wayar totur. Da ɗumi. Wutar da ta rasa hanyarta ce take bi ta nan. Ya ɗauko waya mai kauri ya haɗa kan batir mai alamar ragi da jikin inji, nan take mita ta haura 14, fitila ta yi fari.

Ya kwanta ƙarƙashi ya kwance wata wayar tagulla mai kitso, wadda ke haɗa inji da jikin mota. Ta yi kore shar, sili uku ko huɗu kawai suka rage. Yaronsa ya kankare wurin ƙusar da takardar yashi har ƙarfe ya yi ƙyalli, aka ɗaura sabuwa. Kuɗinta bai kai na burodin Nsawam ba.

Tsohon batir ɗin yana but. Masta ya sa shi caji, ya auna, ya ce lafiyarsa ƙalau. Kawu ya riga ya ce a sauke masa shi a gida, zai riƙa kunna fanka in an ɗauke wuta.