Kwanon da aka ce kada in mayar

Aure ne ya kawo ni Garwa, a ƙasar Kamaru, daga Kano a 2019, kuma mutanen garin nan sun karɓe ni hannu bibbiyu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun zamanin korona, har yau ya ƙi wucewa.

Ko hanyar kasuwa ban gama sani ba, Kamaru ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020, aka rufe makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50. A unguwarmu ba a ɗauki abin da zafi ba sai da labarin Kano ya fara shigowa ta WhatsApp: dattawa na ta tafiya, masu haƙa kabari sun gaji. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce mutum 979 aka lissafa. Baba ya rasu cikin wannan mace-macen, a farkon azumi. Zazzaɓi ne da tari, gari kuma a kulle. Ƙanena ne ya kira ni bayan an dawo daga maƙabarta.

Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, na zauna jiran masu gaisuwa. Maigidana ya sanar a masallaci. Maza sun yi masa ta'aziyya a tsaye daga nesa, amma mata shiru. Da magariba wata maƙwabciya, wadda kullum muke musayar abin buɗa baki, ta aiko yarinyarta da kunu. Yarinyar ta ajiye a bakin zaure ta ja da baya, ta ce, “Mama ta ce Allah ya jiƙan rai, wai ki riƙe kwanon, ba sai kin mayar ba.”

Ni da rabona da Kano tun kafin a ji sunan cutar! Ta waya na ji mutuwar ubana, ta waya cutar za ta biyo ni? Na san tsoro ne, kowa na da 'ya'ya. Sai dai a ranar na gane cewa duk zumuncin da muke yi, ni 'yar Kano ce a idonsu, Kano kuwa a lokacin sunanta kawai abin gudu ne.

Mutum ɗaya ta shigo, wata tsohuwa Bafulatana da muke kira Dada. Hausarta kaɗan ce, Fulatancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba. Ta zauna kusa da ni tana jan carbi har aka kira isha'i. Saboda ita na dage na koyi yaren, yanzu da shi nake ciniki. Alkaki da dubulan ɗina kuwa, babu bikin da za a yi a layinmu ba a nema ba, har ita mai kunun tana saye. Muna gaisawa lafiya lau. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Abin da ya fi damuna Umma ce. Ita kaɗai ta yi takaba, 'yan'uwanta na Gwarzo ba su samu hanyar shigowa ba. Mace mai son mutane, wadda ba a suna ko biki babu ita, yanzu sai an yi da gaske take leƙa ƙofar gida. Idan wani ya yi tari a kusa da ita sai jikinta ya hau rawa. Kuma ba ta yarda a ce korona ce ta ɗauki Baba, ta ce kwanansa ne ya ƙare, kada a ɓata masa suna. Ƙanena ya bar makaranta ya riƙe rumfar Baba a Kantin Kwari, yaro ya koma magidanci ƙarfi da yaji.

Na roƙi Umma ta zo ta yi ko wata guda a wurina, na ce zan aika kuɗin mota har Yola, maigidana ya tarye ta a can. Ta ce in bari sai bayan Sallah. Bara ma haka ta ce.