Luksor da Aswan ko Bakin Teku: Yadda Muka Zaɓi Yankin da Za Mu Je a Masar

Masar ba ƙasar da ake gamawa a zuwa ɗaya ba ce. Yawancin wuraren da baƙo ke son gani suna jere ne a bakin kogin Nilu, daga Iskandariya a arewa har Abu Simbel kusa da iyakar Sudan, tazarar da ta haura kilomita 1,000. Garuruwan shaƙatawa na Bahar Maliya kuma suna can gefe guda. Miji da matar da hutunsu bai kai sati biyu ba dole su ɗauki yanki ɗaya su haɗa da Alƙahira, wadda ita babu gardama a kanta tunda a nan jirgi ke sauke mutum. Ni da mai ɗakina zaɓi uku muka ajiye a gaba: Iskandariya, ko Hurgada a bakin Bahar Maliya, ko kudu, wato Luksor da Aswan.

Watan da za a yi tafiyar shi ne ya fara raba gardamar. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Luksor da Aswan yana wuce digiri 40 kusan kullum. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai ya saba, amma a gida babu wanda ke yawon awa uku cikin duwatsu da rana tsaka, babu inuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kudu ke da daɗi, rana da ɗumi, dare da sanyin da sai an sa rigar sanyi. Tsakanin Maris da Mayu akwai iskar hamsin mai zafi da ƙura, wadda kan turnuƙe gari. Iskandariya kuwa akasin haka take: da hunturu ruwa ake yi mata da iskar teku, da rani kuma Misirawa ne ke cika ta. Hutunmu a Janairu ya faɗo, don haka Iskandariya ta fita daga lissafi. Wanda ya matsu da ganin ganuwar Kaitbay da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, domin kilomita wajen 220 ne daga Alƙahira.

Saura biyu. A nan kowannenmu ya faɗi abin da in bai samu ba zai ga kuɗinsa sun tafi a banza. Ni wuraren tarihi nake so. Ita ta ce, "Malam, ni dai ina son in yi salla a Azhar, in zauna kusa da ruwa, kuma kada a sa ni haɗa akwati kullum."

Zama kusa da ruwa shi ne ya kusa kai mu Hurgada. Otal-otal ɗin can kan haɗa ɗaki da abinci a farashi ɗaya, ga mai son iyo da nutso ya ga kifaye masu launi babu kamar su. Sai dai komai nasu a kan wanka a teku aka gina shi, da kiɗa da mashaya a bakin ruwa, kuma wasunsu suna da doka kan irin kayan da za a shiga ruwa da su. Mace mai hijabi ta tambayi otal wannan a rubuce kafin a biya kuɗi. Mu da ba iyo za mu yi ba, sai muka ga za mu biya kuɗin abin da ba za mu mora ba.

Jirgin ruwan Nilu ne ya haɗa mana buƙatun biyu. Otal ne mai tafiya: akwati na wuri ɗaya, ruwa na gabanka daga safe har dare, wuraren tarihin kuma su ke zuwa gare ka. Ta inda aka faro tafiyar yana da muhimmanci. Daga Aswan zuwa Luksor jirgi na bin ruwa ne, yawanci dare uku. Daga Luksor zuwa Aswan yana hawa ne, dare huɗu. Mun hau jirgin sama daga Alƙahira zuwa Aswan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, sannan muka gangaro. Akwai jirgin ƙasa na dare mai ɗakin kwana, amma yakan ci awa goma sha uku ko fiye, kuma da dala baƙi ke biya. Kowane jirgin ruwa yana da ranakun da yake tashi a mako, saboda haka a tsayar da shi tukuna kafin a sayi tikitin jirgin sama na cikin gida.

Abin da ba a gani a hoton talla shi ne yadda jiragen ke kwana. A mashiga ana jera su ne gefe da gefe, har sai an ratsa ta cikin wasu kafin a taka ƙasa, tagar ɗakinka kuma ta kalli tagar wani. Ɗakunan ƙasa na kusa da inji, akwai ƙara da warin man dizal. A nemi ɗaki a bene na sama, can gaba nesa da injin, ko da an ƙara ɗan kuɗi. Abinci na cikin farashi, amma ruwan kwalba da lemo daban ake biya. A hanya ana tsayawa a ga tsoffin haikalan Kom Ombo da Edfu, a ratsa ƙofar ruwa ta Esna, inda 'yan kasuwa ke matsowa da kwalekwale suna jefo tawul da riguna saman jirgi cikin leda. In ba saya za a yi ba, a mayar musu nan take. A Edfu keken doki ke kai mutane haikalin, a yi ciniki a ƙasa, a tabbata kuɗin zuwa da dawowa ne.

Abu Simbel shawara ce ta daban da ma'aurata za su yanke tare. Kilomita wajen 280 ne kudu da Aswan, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, awa uku da ɗoriya zuwa, haka dawowa, a yi kamar awa biyu a wurin. Gumakan Fir'auna Ramsis na biyu da aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗaga sama tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye su sun cancanci wahalar. Amma mai juna biyu ko mai ciwon baya gara ta tsaya a haikalin Filae, wanda ƙaramin jirgin ruwa ke kaiwa cikin 'yan mintoci.

A Luksor a fara da Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, da sassafe. Tikitin gama-gari kabari uku yake ba ka, na Tutankamun da na Seti na ɗaya kuɗinsu daban. Wasu kaburburan gangara ce mai tsawo, ciki kuma da zafi ko da hunturu, don haka a tambayi ɗan jagora waɗanda ba su da zurfi in ɗayanku na fama da gwiwa. Haikalin Karnak a bar shi zuwa la'asar.

Alƙahira muka bari a ƙarshe, saboda sayayyar kasuwar Khanul Khalili kada ta yi ta bin mu a jiragen cikin gida, kuma don a samu kwana ɗaya na rara kafin jirgin komawa. Dalar Giza yini guda take so. Azhar, titin Mu'izz, masallacin Ibn Tulun da kabarin Imamu Shafi'i su ma yininsu daban, domin cunkoson motoci ba zai bari a haɗa su da Giza ba.

A tafi da takardar shaidar aure, domin wasu otal kan nema, musamman in sunan miji da na mata ba su yi kama a fasfo ba. A tafi da katin rigakafin shawara. Manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, saboda haka a gwada katin da ke aiki a waje tun daga gida, a kuma riƙe ƙananan takardun fam, kuɗin Masar, don bakshish, wato ɗan ihsanin da ake ba masu hidima. Wanda hutunsa ya faɗo a Yuli ko Agusta kuwa, ya bar kudu zuwa wata shekarar, ya haɗa Alƙahira da Iskandariya.